Araha da Ado: Tarihin Alƙalami Mai Shan Tawada da Yadda Ake Zaɓen Mai Sauƙin Kuɗi

Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Maganar tana da gaskiya a rumfar masu tufafi, tana da gaskiya wajen cinikin doki, amma tarihin abin rubutu ya ƙi amincewa da ita. Duk lokacin da rubutu ya fita daga hannun ƴan tsiraru ya shiga hannun jama'a, in aka bincika sai a tarar wani ne ya samo dabarar da ta karya farashin alƙalami. Alƙalami mai shan tawada, wanda masu kanti suka sani da sunansa na Faransanci, stylo-plume, yana cikin wannan jeri. Ya fara a matsayin kayan sarakuna da attajirai, ya zama alamar ma'aikacin gwamnati da ake gani maƙale a aljihun gaba, yau kuma ana ƙera wanda ɗan makaranta zai iya saye ya yi shekaru yana aiki da shi. Malamin da yake son saye wa kansa guda ɗaya, ko ƙungiyar da take neman kyautar da za ta ba ɗaliban da suka yi fice a gasar rubutu, za su fi gane abin da ya cancanci kuɗinsu idan suka san wace matsala aka warware, a wace shekara, da kuma abin da ya rage wanda ado ne tsagwaronsa.

Tsagar da ke bakin kara

Kalmar alƙalami baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama ƴar gida. Daga Larabci muka are ta, su kuma Larabawa kalmarsu tana da dangantaka da kalamos ta Girkanci, wadda ke nufin kara. Tawada ma, ko tadawa kamar yadda wasu ke faɗi, asalinta kalmar Larabci ce da ke nufin kurtun da ake zuba ta. Duk wanda ya zauna gaban malamin allo ya ga yadda ake fere karan gamba da ƴar wuƙa, a sirantar da bakinsa, sannan a tsaga shi a tsakiya. Wannan ƴar tsaga ita ce zuciyar al'amarin. Ruwa yana da halin bin matsattsiyar hanya da kansa, kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila ba tare da an tura shi ba, kuma ta cikin tsagar nan tawada ke gangarowa a hankali har ta taɓa allo. Mai karatu ya ɗauki alƙalamin zinariya mafi tsada a duniya ya duba bakinsa, zai ga tsagar nan tana nan yadda almajiri ya san ta.

Malamanmu na da suna da tawada iri biyu. Ta allo, wadda ake haɗawa da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro, ana son ta wanku cikin sauƙi. Ta takarda kuwa, wadda ake dafawa da bagaruwa da ƙarfe, ana son ta kama ta zauna, shi ya sa littattafan da aka kwafa a kan takardar nan mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake ke kawowa daga Italiya ta hanyar Tarabulus da Agadas, suke karantuwa har yanzu. Aibin alƙalamin kara ɗaya ne: ba ya riƙe guzuri. Kalmomi kaɗan sai an koma kurtu. Haka gashin tsuntsu da Turawa suka yi ƙarnuka suna rubutu da shi.

Tunanin sa wa alƙalami ciki tsoho ne. Alƙali Nu'uman, babban alƙalin daular Faɗimiyya, ya ba da labarin cewa halifa Mu'izzu, wanda ya yi mulki daga 953 zuwa 975, ya nemi a ƙera masa alƙalamin da ke ɗauke da tawadarsa a cikinsa, wanda ba zai ɓata hannu ko riga ba, aka kuma ƙera masa na zinariya. Alƙalamin bai iso zamaninmu ba, labarinsa kawai ya iso. A Faransa, Nicolas Bion, maƙerin kayan awo na sarki, ya siffanta irinsa cikin littafinsa na 1709. A 1827 wani ɗalibi ɗan ƙasar Rumaniya da ke karatu a Paris, Petrache Poenaru, ya karɓi takardar mallakar fasaha kan wani alƙalami mai ciki. Dukkansu sun yi tuntuɓe da dutse guda. Idan tawada za ta fita daga rufaffen ciki, dole iska ta shiga ta maye gurbinta, daidai wa daida. Iska ta yi kaɗan, alƙalami ya ƙafe a tsakiyar kalma. Ta yi yawa, ya amayar da tawada a kan takarda. Wanda ya taɓa tuntsurar da kwalbar mai ya ji tana gulgul ya san wannan rigima.

Bakin ƙarfe da tawada mai ruwan makuba

Kafin a warware rigimar iska, wani juyi ya riga ya faru a birnin Birmingham na Ingila. Daga shekarun 1820, maƙera irin su John Mitchell da Joseph Gillott da Josiah Mason suka fara yanka bakin alƙalami daga faifan ƙarfe da injin dannawa. Abin da a da ake ferewa ɗaya bayan ɗaya ya koma ana sayar da shi kwali kwali, guda 144 a kowane kwali. Zuwa tsakiyar ƙarni na 19, fiye da rabin bakunan ƙarfen da ake rubutu da su a duniya daga wannan birni suke fitowa, kuma yawancin masu aikin mata ne. Ba a cika ambaton waɗannan mata ba idan ana maganar yaɗuwar ilimi, alhali makarantar kowa da kowa ba za ta yiwu ba in da kowane malami sai ya fere gashin tsuntsu hamsin kafin ya fara darasi.

Faransawa suka kwaikwayi sana'ar a garin Boulogne-sur-Mer, inda aka kafa kamfanin Blanzy-Poure a 1846. Daga wannan gari bakin nan mai suna Sergent-Major ya fito, wanda kwalayensa ke ɗauke da zanen yaƙe-yaƙen Faransa. Da dokokin Jules Ferry na 1881 da 1882 suka mai da karatun firamare kyauta kuma tilas, sai Sergent-Major ya zama abokin kowane yaro. An haɗa shi da tawada mai ruwan makuba, kuma zaɓen wannan launi ba don kyau aka yi shi ba: rini ne na sinadari mai araha, ana iya sayensa gari a dama da ruwa, kuma ba ya cin ƙarfe kamar yadda tsohuwar baƙar tawada mai tsami ke yi. A 1892 wani mai sayar da littattafai a Pontoise, Jean-Alexandre Seyès, ya yi rajistar layukan nan na kaye da muka sani, masu tazarar milimita 2 tsakaninsu, domin yaro ya auna tsawon kowane harafi.

Waɗannan abubuwa uku, baki da tawada da layi, su ne suka biyo Faransawa zuwa Damagaram, wadda ta riƙe matsayin babban birni har 1926, da Yamai da Tawa da Maraɗi. Dattawan da suka yi lakwal kafin ƴancin kai suna tune da teburin da ke da rami a kusurwa inda ake sa ɗan farin kurtu, da takardar tsotse tawada, da darasin da ake koyar da inda harafi ke kauri da inda yake sirancewa. Shugabannin farko na ƙasar nan, irin su Bubu Hama da Jori Hamani da Jibo Bakari, duk malaman makaranta ne da suka fito daga William Ponty ta Senegal, kuma da wannan baki suka koyi rubutu suka koyar. Sai dai kada kewar da ta rufe mana ido. A 1960, yaran da ke zuwa makarantar boko a Nijar ba su kai biyar cikin ɗari ba, kuma bahagon yaro ya sha wuya a hannun Sergent-Major, domin bakin yana soke takarda idan aka tura shi, hannun kuma yana shafe abin da aka rubuta. Kyawun rubutun mutanen da, wanda muke yabo, an biya shi da hawaye masu yawa.

Maƙogwaro

A ranar 12 ga Fabrairu 1884, wani dillalin inshora a New York mai suna Lewis Edson Waterman ya karɓi takardar mallakar fasaha kan wani ɗan yanki da ake sawa ƙarƙashin baki. Mu kira shi maƙogwaro, tun da ta nan abinci ke wucewa, ta nan kuma numfashi. Dabarar ita ce a haƙa hanya guda mai ɗan faɗi domin iska, a gindinta kuma a tsaga siraran hanyoyi domin tawada, kowa ya bi tasa. Akwai labarin da ake yawan maimaitawa, wai alƙalami ne ya zubar masa da tawada a kan kwangila ya yi asarar ciniki, haushi ya sa ya ƙirƙiro nasa. Masu bincike sun ɗauki wannan a matsayin tatsuniyar masu talla. Waterman ba shi kaɗai ne ke wannan nema ba a lokacin, amma nasa ya yi aiki, ya kuma iya sayarwa. Bayansa kaɗan, George Parker, wanda malami ne mai koyar da aikin tangaraho a Janesville, yana sayar wa ɗalibansa alƙaluma yana kuma gyara musu idan sun lalace, ya gaji da gyara ya kafa nasa kamfani a 1888.

Abubuwa biyu sun riga sun share musu hanya. Na farko baƙar roba mai tauri, wadda iyalin Goodyear suka samar a tsakiyar ƙarnin, wadda tawada ba ta ci, ana kuma iya sassaƙa ta. Na biyu bakin zinariya. Dalilin zinariya a nan ya kamata a fahimce shi sosai, domin a kansa ake yaudarar masu saye har gobe. Bakin Sergent-Major in ya yi tsatsa ana yar da shi a ɗauki wani, amma bakin da zai zauna jiƙe da tawada mai tsami dare da rana yana bukatar ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma a wancan zamani zinariya ce kawai ta cika wannan sharaɗi. To amma zinariya tana da laushi, takarda na cinye ta, don haka tun shekarun 1830 wani Bature mai suna John Isaac Hawkins ya gano a liƙa ɗan ƙwayar ƙarfe mai tsananin tauri, iridiyom, a kan tsinin. Ke nan ko a alƙalamin zinariya, abin da ke taɓa takarda ba zinariya ba ce, ƴar ƙwayar nan ce da ba ta kai ƙwayar gero ba.

Sauran tarihin rabin farko na ƙarni na 20 gasa ce kan yadda za a shayar da alƙalami. Da farko ana kwance shi a ɗura tawada da abin ɗiga maganin ido. Sai Walter Sheaffer ya fito da ɗan hannu a gefe mai matse jakar roba a 1908, kamfanin Pelikan na Jamus ya fito da famfo mai murɗawa a 1929, reshen Waterman na Faransa ya gwada kwalbar gilashi da ake cusawa a 1936, aka kai ga ta roba, wato kartush, a shekarun 1950. Farashi kuwa bai sauko ba sosai. Parker Duofold na 1921 dalar Amurka 7 ne, Parker 51 na 1941 dala 12 da rabi, kuɗin da ƙaramin ma'aikaci zai yi kwanaki yana nema. A ƙasashenmu, alƙalamin da ke leƙowa daga aljihun akawu ko tafinta yana gaya wa jama'a matsayin mai shi tun kafin ya buɗe baki.

Abin da ya karya ƙashin bayan tsada shi ne ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a Sheffield a 1913, aka fara yin bakuna da shi sosai a shekarun 1930, tare da tawada ta zamani wadda ba ta da tsami kamar ta da. Daga nan hujjar zinariya ta faɗi. Da aka ƙara da robar da ake zubawa a injin ta fito da siffar da ake so cikin daƙiƙoƙi, maƙogwaron da a da sai gwani ya sassaƙa ya koma abin da ake fitarwa dubbai a yini.

Zuwan bik

Ba a gama cin moriyar wannan araha ba sai ga abokin gaba. László Bíró, ɗan jarida daga Hangari, ya yi rajistar alƙalami mai ƙwallo a baki a 1938, ya sake yi a Ajantina a 1943; sunansa ne maƙwabtanmu na Nijeriya ke kira idan sun ce biro. A Oktoban 1945 wani kanti a New York ya sayar da irinsa na kamfanin Reynolds a kan dala 12 da rabi, mutane suka yi layi, duk da cewa yana yoyo. Wanda ya gyara shi ya kuma karya kuɗinsa shi ne Marcel Bich, wanda shi da abokinsa Édouard Buffard suka fara da ƙera sassan alƙaluma masu shan tawada a Clichy. A Disamban 1950 ya fito da Bic Cristal. Makarantun Faransa suka yi shekara goma sha biyar suna tirjiya, malamai na cewa zai lalata rubutun yara, har sai da ma'aikatar ilimi ta ba da izini da sanarwar 3 ga Satumba 1965. Ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa suka bi sahu. A wajenmu sunan kamfanin ya zama sunan abin, kowane iri ne muna ce masa bik.

A gaskiya bik ya yi wa ƙasa irin tamu alheri babba. Ba ya bukatar kurtu, ba ya tsoron ƙura, yana rubutu a kan gwiwa a ajin zana. Yawaitar makarantu bayan 1960, da yaƙi da jahilci, da makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida waɗanda aka fara a Damagaram a 1973, duk da bik da alli aka yi su. Amma tsofaffin malaman ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Tawadar bik mai kauri ce kamar man shafawa, sai an danna ƙwallon ke juyawa, don haka yaro ke damƙe shi yana tsaye, yatsu su ƙage, haruffa su rabu da juna. Malamin da ya gyara kaye tamanin a dare ɗaya ya san inda wuyan hannu ke ciwo.

Daga nan alƙalami mai shan tawada ya rabu gida biyu. Wani ɓangare ya koma kayan ƙawa, ana sayar da suna da kwali da zoben zinariya. Ɗaya ɓangaren ya koma makaranta, kuma shi ne ya shafe mu. A Jamus, inda har yanzu yara da yawa ke koyon rubutu da shi, Pelikan ya fito da Pelikano a 1960, Lamy ya fito da Safari a 1980, an ƙera shi da roba mai ƙarfi da wurin riƙo mai kusurwa uku domin ƴan shekara goma zuwa goma sha biyar. A Faransa Waterman da Reynolds da Stypen suka cika jakunkunan ƴan kwaleji, tare da shuɗiyar tawada mai goguwa. A Shanghai ta ƙasar Sin, wata masana'anta da aka kafa a 1931, wadda ta ɗauki sunan Hero a 1966, ta sa wa kanta burin kamo Parker 51, ta kuma yi ta fitar da alƙaluma masu ɓoyayyen baki irin nasa, kamar 616 da 329, a kan kuɗi ƙalilan, suka bazu Asiya da Afirka. A Indiya, K. V. Ratnam ya fara ƙera nasa da hannu a Rajahmundry a 1932, domin amsa kiran Gandhi na a yi amfani da kayan gida, Gandhi kuma ya rubuta masa wasiƙar yabo a 1935. Japanawa ne suka kai abin ƙarshe: a 2007 kamfanin Platinum ya fito da Preppy a kan yen 200, wanda a canjin lokacin bai kai jika guda ba, a 2013 kuma Pilot ya fito da Kakuno domin yara, da ƴar fuska mai murmushi a kan baki don yaro ya san gefen da ke kallon sama.

Ga mai saye a ƙasar sefa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun faɗuwar darajar kuɗi ta Janairun 1994, wadda ta ninka farashin duk abin da ke zuwa daga Faransa a dare ɗaya, kayan makaranta na Turai suka yi wa iyaye da malamai nisa, kasuwa kuma ta juya gabas.

A gaban mai kanti

Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne, sassan da ke yin rubutu, wato ƙwayar baki da tsaga da maƙogwaro, an gama da matsalarsu tun kafin a haifi yawancinmu, kuma yanzu su ne mafi araha a jikin alƙalami. Nauyi da ƙyalli ba su ƙara komai. Alƙalamin tagulla mai nauyi da ake sawa a kwali mai kilisa yakan gajiyar da hannu kafin a cika shafi biyu, na roba marar nauyi kuwa a wuni ana aiki da shi. Rubutun nan da ake gani a kan bakuna masu araha, mai ambaton iridiyom da Jamus, shi ma kada ya ruɗi kowa: ba shaida ba ce cewa a Jamus aka yi bakin, kuma ƙwayar yau galibi haɗin wasu ƙarafa ne masu tauri.

Gani ya kori ji, don haka a nemi izinin gwadawa. A ɗaga bakin wajen haske a duba ƙafafunsa biyu: su zama daidai, kada ɗaya ta hau kan ɗaya, tsagar kuma ta tafi tsakiyar ƙwayar tana matsewa zuwa tsini. A tsoma shi a tawada, a riƙe alƙalamin ta can ƙarshe da yatsu biyu, a ja shi a kan takarda ba tare da dannawa ba. Nagari zai bar layi da nauyin kansa. Sannan a ja layi zuwa dama da hagu, sama da ƙasa. In ya yi ƙarce ta gefe ɗaya kawai, ƙafa ɗaya ce ta karkace. Gwajin hagu da dama ya fi muhimmanci ga malamin madarasa da mai rubuta ajami, tun da hannunsu na bin hanyoyi biyu. Alƙaluman Sin mafi araha ba sa fitowa iri ɗaya daga masana'anta, kuma su ma da suka fara da kwaikwayo yanzu ana kwaikwayonsu, saboda haka cikin guda biyar a kwali ɗaya a zaɓi wanda ya fi, kada a karɓi na sama kawai.

Kaurin baki ya danganta da takarda. Kayen da ake samu a kasuwanninmu takardarsa sau da yawa siririya ce mai shan ruwa, baki mai kauri zai sa tawada ta bazu kamar saiwa ta kuma fito ta baya. Ga layukan Seyès masu milimita 2, bakin da aka yi wa alamar F ya fi dacewa. A tuna kuma cewa awon Japan ya fi na Turai siranta, M nasu kusan F ne na Jamus.

Sai murfi, wanda mutane ba su cika dubawa ba, alhali a ƙasarmu shi ne rabin alƙalami. Iskar hunturu tana busar da baki cikin mintoci idan an bar shi a buɗe, tana kuma shanye ruwan tawada ta cikin murfin da bai rufe sosai ba, har mutum ya ajiye alƙalami mako guda ya tarar ya ƙafe. A leƙa cikin murfin a ga ko akwai wani ɗan murfi na biyu da ke rungume baki. Wannan ne sirrin Preppy, wanda nasa ke da ɗan waya mai turawa. Zafin bazara kuma nasa sharrin daban ne. Iskar da ke cikin alƙalamin da ya kusa ƙarewa tana kumbura idan ta ji zafin rana ko na hannu, sai ta turo tawada waje. Siraran haƙoran nan da ke jikin maƙogwaro, masu kama da matsefi, aikinsu ke nan, su tare rarar. Alƙalamin da ke da su da yawa ya fi jure wa watan Afrilu. Manyan alƙaluman Indiya da ake ɗura wa tawada kai tsaye a ciki suna ɗaukar guzuri mai yawa, amma su ne suka fi amai idan cikinsu ya yi ƙasa, don haka mai irinsu ya riƙa cika su tun suna rabi. Kowane iri ne, a aljihu bakinsa sama, kuma ba a barinsa cikin mota ko a kan taga da rana.

Tambaya ta gaba ita ce wadda ta fi kashe alƙaluma a garuruwan da ke nesa da manyan kantuna: me zai sha bayan wata uku? Lamy da Parker da Pilot da Platinum kowane yana da kartush nasa da ba ya shiga na wani. Akwai kuma gajeren kartush na gama-gari, wanda Pelikan da Waterman da yawancin alƙaluman makaranta na Faransa ke karɓa, kuma shi ya fi sauƙin samu a inda aka gaji kasuwar Faransa. Ƙungiyar da za ta raba kyauta ga ɗaliban Madawa ko Tasawa ko Mirya ta fara tambayar wannan kafin ta tambayi launi, in ba haka ba kyautar za ta ƙare a akwati ranar da kartush na farko ya ƙare. Mafi arahar hanya ita ce kwalba. Gajeren kartush bai kai mililita ɗaya ba, ke nan kwalba mai mililita 50 ta fi kartush sittin. Alƙalami mai jakar roba irin na Hero, ko mai ɗan famfon da ake sawa a gurbin kartush, yana sha daga kwalba kai tsaye, kuma ko babu famfo ana iya sake cika tsohon kartush da sirinji mai tsabta sau da yawa kafin bakinsa ya saki.

Game da tawadar kanta akwai kashedi guda da ya shafe mu fiye da Turawa. Tawadar allo ba ta shiga alƙalami mai ciki, haka tawadar zane da ake kira ta Sin. Ƙaron da ke sa ta kama allo shi ne zai daskare a siraran hanyoyin maƙogwaro, gawayin kuma ya toshe su, kuma sau da yawa ba a iya farfaɗo da alƙalamin bayan haka. Sai wadda aka rubuta a kwalbarta cewa ta wannan alƙalami ce. Shuɗiya mai goguwa ta fi sauƙin wankewa daga riga da maƙogwaro, amma tana kodewa da rana da shekaru, don haka ba ta dace da rajistar makaranta ko takardar da ake son ajiyewa ba; baƙa ko shuɗi mai duhu sun fi. Ja ta gyaran kaye takan bar ɓawo a gefen baki, gara a ware mata alƙalami nata. Wanki kuwa da ruwa mai tsabta ne marar zafi, a zuƙa a fesar har ya fito fari, sau ɗaya a wata ko duk lokacin da za a sauya launi, da kuma kafin dogon hutun damina, domin alƙalamin da aka ajiye da tawada a ciki daga Yuli zuwa Oktoba sai an jiƙa bakinsa kwana guda kafin ya sake rubutu.